Kunyar da Ke Tsare Yaro da Kunyar da Ke Rufe Masa Baki

Wata uku 'yar ƙanwata ta yi tana ciwon ciki, kuma ciwon ya san ranakun mako. Daga Litinin zuwa Juma'a, da zarar an sa mata rigar sukul, sai ta dafe ciki ta tsuguna a bakin ƙofa. Asabar da Lahadi kuwa, ranakun makarantar Alƙur'ani, tas take shanye kokonta da ƙosai, ta ɗauki jakar Alƙur'aninta ta yi gaba. Shekarunta tara, tana aji huɗu a wata firamare nan Aboabo, cikin Kumasi a Ghana. An ba ta maganin tsutsar ciki. An kai ta asibiti an gwada jini, aka ce babu maleriya. Kakarta ta sa an yi rubutu an wanke ta sha. Da abin ya ƙi ƙarewa, uban ya ce ƙiwuya ce, in ta ga bulala za ta miƙe.

Mai sayar da shinkafa da wake a ƙofar sukul ɗin ce ta kamo bakin zaren. Sun haɗu da ƙanwata a wurin wani suna, ta ja ta gefe ta ce: "Maman yara, kuna ba yarinyar nan kuɗin abinci kuwa? Na fi wata ban ga ta miƙo mini kwano ba. Tsayawa kawai take yi a jikin katanga tana kallon masu ci." A daren nan, bayan doguwar lallashi, yarinyar ta buɗe baki. Wasu yara maza biyu 'yan JHS, wato ƙaramar sakandare, ne suke tsare ta a hanyar bayan gida su karɓe sidi biyar ɗin da ake ba ta. Ɗayansu yana tare ƙofa, yana jan hijabinta, yana cewa in ta kuskura ta faɗa za su ce ita ce take bin su. Tun daga lokacin ta daina shan ruwa da safe don kada fitsari ya kama ta a sukul.

Uwar ta tambaye ta, hawaye na zuba: "Me ya hana ki faɗa mini tun ranar farko?" Yarinyar ta ce: "Mma, ai ke kika ce yarinyar kirki ba ta maganar maza."

Wannan amsar ce ta sa na zauna yin wannan rubutu. Ƙanwata ba muguwar uwa ba ce. Abin da aka gaya mana muna yara shi ta gaya wa 'yarta, da nufin tsare ta. Sai dai kalmar da ta ba ta don kariya ita ce yaran nan biyu suka ɗaure ta da ita. Su ma, ƙanana da su, sun riga sun fahimci yadda unguwarmu take aiki: duk yarinyar da aka ambaci sunanta tare da namiji, ita ke da laifi kafin a ji ta bakinta. In ɓera da sata, daddawa ma da wari, haka ake cewa, kuma sau da yawa daddawar da ake nufi ba ta wuce shekara goma ba.

Kunya iri biyu muke koya wa yara da suna ɗaya. Akwai wadda take cewa jikinka amana ne, kada ka buɗe shi, kada ka bari a buɗe maka shi, kada ka leƙa na wani. Wannan ita ce kunyar da take cikin imani, kuma babu katangar da ta kai ta tsare yaro. Akwai kuma wadda take cewa sunkuyar da kai, kada ka musa wa babba, kada ka ambaci abin da ke ƙarƙashin riga ko da ciwo yake maka, kada ka kawo ƙarar wanda ya girme ka. Ta farkon tana tsare yaro, ta biyun tana tsare wanda ya cuci yaro. Tunda da kalma ɗaya muke kiransu, yaro ba ya iya rabewa. Yana ɗauka cewa faɗin abin da aka yi masa rashin kunya ne daidai da aikata shi.

Mai cutar da yara ya san wannan fiye da mu. Shi ya sa ba kasafai yake buƙatar wuƙa ba. Kalma biyu sun ishe shi: "sirrinmu ne", da "wa zai yarda da ke?" Kuma abin da masu aikin kare yara a ko'ina suke ta maimaitawa shi ne, yawancin masu yi wa yara ɓarna mutanen da yaran suka sani ne: maƙwabci a gidan haya, ɗan uwa, babban ɗalibi, mai koyarwa, direban da ke kai su ya dawo da su. Mu kuwa duk gargaɗinmu a kan baƙo yake, mai mota da alewa. Mun kulle ƙofar waje da kwaɗo uku, ta cikin gida a buɗe.

Akwai matsalar harshe da ta keɓanta da mu 'yan zango, wadda ban cika jin ana maganarta ba. Yaron Aboabo ko Asawase ko Sawaba da harshe uku yake tashi. Hausa a gida da makaranta, Tonanci a kan titi da kasuwar Kejetia, Turanci a aji. Darasin sassan jiki da ake yi masa a sukul da Turanci ake yi, ya haddace don jarrabawa, ya bar shi a cikin littafi. Hausa ba ta cikin harsunan da gwamnati ta ware don koyarwa a firamare, saboda haka ba a taɓa zaunar da shi an yi masa wannan bayani da harshen da yake kuka da shi ba. A gida kuma sunayen wuraren nan ba sa fitowa daga bakin iyaye sai a cikin zagi. To yaron da bai san sunan abu ba sai a matsayin ashar, ta yaya zai tsaya gaban mahaifinsa ya ce an taɓa shi a wurin? Sai ya ce cikinsa ke ciwo. Ba ƙarya ya yi ba ma, domin tsoro yana sauka a ciki, yana sauka a kai, yana dawo wa yaro da fitsarin kwance bayan ya daɗe da dainawa.

Ba sai mun ƙirƙiro wasu kalmomi ba. Muna da al'aura, muna da gaba da baya, muna da tsiraici, kalmomi masu tsabta waɗanda malam yake faɗa a kan buzu idan ana karatun tsarki. Uwar da take yi wa ɗanta ɗan shekara huɗu wanka tana iya ce masa, da murya irin wadda take cewa ga kunne ga hanci: nan al'aurarka ce, babu mai gani, babu mai taɓawa, sai ni idan ina maka wanka, sai likita ina tsaye a wurin, ko wane ne ya taɓa, ko ya nuna maka nasa, ka zo ka gaya mini, ba zan doke ka ba. Wannan ƙarshen, "ba zan doke ka ba", shi ne ginshiƙin zancen gaba ɗaya. Idan babu shi, sauran duk iska ce.

Na san dalilin da ya sa gaban iyaye da yawa yake faɗuwa idan aka ce za a koya wa yara irin wannan a sukul. Ba mu manta da shekarar 2019 ba, lokacin da maganar sabon darasin ilimin jima'i ta tashi, masallatai da coci-coci suka yi ca, gidajen rediyo suka ɗauka, har Shugaba Akufo-Addo ya fito ya ce ba za a koyar da abin da ya saɓa wa tarbiyyar ƙasa ba a zamaninsa. Ni ma ina cikin waɗanda suka ce sai an nuna mana abin da ke cikin takardun kafin a kai wa 'ya'yanmu, kuma har gobe ina ganin haƙƙin iyaye ne su tambaya. Abin da ke damuna shi ne abin da ya biyo baya. Mun ture na gwamnati, ba mu ajiye namu a gurbinsa ba. Ticoci da yawa suka ɗauki darasi cewa duk wanda ya taɓo maganar jiki a aji zai jawo wa kansa fitina, suka ja bakinsu suka yi shiru. Iyaye suka koma gida da jin an yi nasara. Yaro kuma aka bar shi da wayar yayansa da abokan layi su zama malamansa.

Alhali kuwa abin da ake kira iyakokin mutum, mu muka fi kowa hujja a kansa. A Suratun Nur, aya ta 58, Allah ya umarci yaran da ba su balaga ba su nemi izini kafin su shiga wa iyayensu a lokuta uku: kafin sallar asuba, da tsakar rana lokacin da ake tuɓe tufafi, da bayan sallar isha'i. Aya ta 27 ta hana shiga gidan wani sai da izini da sallama. Hadisin da Abu Dawud ya ruwaito, wanda ya ce a umarci yara da salla suna da shekara bakwai, shi ne kuma ya ce a raba musu wurin kwanciya. Mun riƙe rabin hadisin da ke maganar salla, mun saki rabin da ke maganar shimfiɗa. Na san a ɗaki ɗaya da falo, ko ɗaki ɗaya tal, inda mutum bakwai suke kwana, raba shimfiɗa ba abu ne mai sauƙi ba. Amma tabarma daban da mayafi daban ba su fi ƙarfin kowa ba, haka nan labule, haka nan sakata a ƙofar wurin wanka na gidan haya, inda yarinya take wanka tana waƙa da ƙarfi don kada a turo ƙofa.

Hadisin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Sahl bn Sa'ad, yana cikin Bukhari da Muslim. An kawo wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, abin sha. Ya sha. A damansa akwai yaro, a hagunsa dattawa. Tunda na dama ke da haƙƙin karɓa, sai ya juya ga yaron ya nemi izininsa ya fara ba dattawan. Yaron ya ce a'a, ba zai bar wa kowa rabonsa daga hannun Annabi ba. Manzon Allah ya ɗora masa ƙwaryar a hannu. A duba wannan da kyau: mafificin halitta ya nemi izinin yaro, yaro ya ƙi a gaban manya, kuma aka bar masa ƙin nasa, ba tsawa, ba harara. A tsakar gidajenmu da wannan yaron ya sha ranƙwashi kafin ya rufe baki.

Ga kuma ƙissar Annabi Yusuf, wadda babu ɗan makarantar da bai san ta ba. Matashi a gidan da ba nasu ba, a ƙarƙashin ikon wadda ta fi shi matsayi, an kulle ƙofofi. Ya ƙi, ya ruga ƙofa, da aka juya masa laifi kuma bai sunkuyar da kai ba, ya buɗe baki ya ce ita ce ta neme shi. Ƙi, gudu, faɗa. Abin da masu koyar da kare kai suke ta bitar wa yara ke nan, kuma yana cikin surar da muke biya musu. Malamin makaranta da zai tsaya a wannan gaɓa minti biyar ya ce wa almajiransa "haka za ku yi, ko wane ne", ya yi aikin da takardar gwamnati ba za ta iya ba.

Za a ce, kuma an sha ce mini, idan aka koya wa yaro cewa a'a, gobe iyayensa zai fara ce wa. Wannan fargaba ce ta gaskiya, ban raina ta ba, domin duk mun ga yaran da suka fi ƙarfin gidajensu. Amma ladabi da miƙa jiki ba abu ɗaya ba ne. Yaro ya gaida babba, ya rusuna, ya karɓi kaya daga hannun tsohuwa, ya je aike, ya yi shara. Duk wannan ladabi ne, a ƙara masa ma. Abin da ba ya cikin ladabi shi ne a tilasta wa yarinya ta hau cinyar baƙo tana noƙewa, ana dariya ana cewa "je ki mana, ai babanki ne". Na gani da idona a wurin wani aure: yarinya 'yar shekara shida ta maƙale a zanen uwarta, wani mutum yana kiranta amaryarsa yana jan hannunta, uwar tana ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya don kada a ce 'yarta ba ta da sakin fuska. Wataƙila mutumin ba ya nufin komai. Wasan kaka da jika tsohon abu ne a wurinmu, kuma yana da daɗinsa. Amma darasin da yarinyar ta koya a ranar shi ne, idan jikinta ya ce a'a kuma babba ya ce e, uwarta tana bayan babba. Da wannan darasin za ta tafi sukul. Ranar da wani ya ce ta tsaya bayan an tashi ta kai masa littattafai ofis, ba ta da wata a'a da ta rage mata.

Sai maganar bulala, wadda ta fi kowace raba kawunanmu. Ghana ce ƙasa ta farko a duniya da ta amince da Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya, a 1990. Dokar Yara ta 1998 ta hana azabtar da yaro ko wulaƙanta shi, ta kuma ce horon da ya wuce kima idan aka duba shekarun yaro da lafiyarsa, ko wanda yaro bai kai ya fahimci dalilinsa ba, ba shi da hujja. A 2017 Hukumar Ilimi ta Ghana, GES, ta hana duka a makarantunta, a 2019 kuma ta fitar da kundin hanyoyin ladabtarwa ba da bulala ba. Wannan a takarda ke nan. Wanda yake da yaro a sukul ya san sanda ba ta bar aji ba, kuma sau da yawa mu iyaye ne muke zuwa mu ce wa tica "ka zane shi, ni na sa ka". Ina tausaya wa ticocin ma: mutum ɗaya a gaban ajin da ya cika ya batse, an karɓe masa sanda, ba a zaunar da shi an koya masa abin da zai maye gurbinta ba.

Abin da ya haɗa bulala da zancenmu shi ne wannan. Yaron da ake duka idan ya zubar da manja, ake duka idan ya ɓatar da fensir, ake duka idan ya dawo da riga a yage, ya riga ya yi lissafinsa: kawo wa babba mummunan labari yana jawo duka. Ranar da babban abu ya same shi, da wannan lissafin zai yi aiki. 'Yar ƙanwata ta ce abu na biyu da ya hana ta magana shi ne tsoron a tambaye ta ina kuɗin wata uku. Sidi biyar-biyar take ƙirgawa a ranta da dare, tana ganin bashi ne a wuyanta.

Makarantunmu na allo da na islamiyya ba a waje suke ba. Waɗanda suke ƙarƙashin Sashen Ilimin Musulunci na GES, wanda aka kafa a 1987, dokar hukumar tana hawa kansu. Amma ɗaruruwan makarantun yamma da na ƙarshen mako da ke cikin zaure da barandar masallaci babu mai leƙa su. Mafi yawan malamansu bayin Allah ne da suke karantarwa kusan kyauta, kuma bashinsu yana wuyanmu. Kare mutuncin waɗannan malaman ne ma ya sa ya kamata a yi ƙa'ida wadda ta hau kan kowa: ba a keɓewa da yaro ɗaya a rufe ƙofa, ba a aiken almajira ɗakin malam, babban ɗalibin da aka ba wa ƙanana ya biya musu karatu a fili zai zauna da su. Addinin da ya hana namiji keɓewa da macen da ba muharramarsa ba ba zai ƙi wannan ba. Haka nan darasin ƙari da ake yi bayan tashi ko a gidan tica lokacin da BECE, jarrabawar kammala JHS, ta matso. A tambaya: su nawa ne a ajin, a ina ake yi, ƙarfe nawa ake tashi. Malamin kirki ba ya jin haushin wannan tambaya.

Tun da aka fara karatun sakandare kyauta a watan Satumba na 2017, yaran zango da yawa da a da ba za su wuce JHS ba sun samu tafiya makarantun kwana, kuma alheri ne babba. Sai dai yaro ɗan shekara goma sha biyar yana barin ɗakin uwarsa ya faɗa hannun manyan ɗalibai da suke ganin wahalar da sabbi gado ne. A 2023 ƙasar nan ta ga bidiyon wani ɗalibi a wata makarantar kwana a Cape Coast yana shaƙe ɗan uwansa yana buga fuskarsa a ƙarfen gado. Abin ya fito ne kawai don wani ya ɗauka a waya. Yaranmu maza su ne suka fi haɗiye irin wannan, saboda tun suna rarrafe muke ce musu namiji ba ya kuka. Ban san inda muka samo wannan ba. Annabi Yaƙub ya yi baƙin cikin rabuwa da ɗansa har idanunsa suka yi fari. Manzon Allah ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu, ya ce ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, ba ma faɗin sai abin da Ubangiji ya yarda da shi.

A nan ne maganar lafiyar zuciya take shigowa, kuma ita ce muka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Hausa tana da arzikin kalmomi a wannan fage: fargaba, zullumi, takaici, ƙunci, kewa, haushi, kaɗaici, faɗuwar gaba. Amma manya muka ware wa su. Yaro ya ce yana cikin damuwa, sai a ce: "Damuwar me? Kai kake biyan haya?" Manzon Allah kuwa, da ya ga ƙanin Anas bn Malik, ƙaramin yaro, ya yi jugum don ɗan tsuntsunsa ya mutu, tsayawa ya yi ya kira shi da alkunyarsa, Abu Umair, ya tambaye shi labarin tsuntsun. Mutuwar tsuntsu ba komai ba ce a wurin babba. A wurin yaron ita ce duniya, kuma da ma'aunin yaron aka auna ta.

Labarin zuciya a tambayi fuska. Yaron da ya saba surutu ya koma shiru, wanda makinsa ya faɗi ba dalili, wanda ya fara ƙin wani mutum ko wata hanya, wanda ya dawo da kuɗi ko waya ko kyautar da ba ku ba shi ba, wanda yake firgita a barci, duk magana suke yi. Addu'a da tofi suna da wurinsu, ni ma ina yi wa nawa. Amma a haɗa da tambaya, kuma a canza irin tambayar. "Yaya sukul?" amsarta kullum "lafiya" ce. Gwada "da wa kika ci abinci yau?", ko "wa ya ba ka haushi?", ko "akwai wurin da ba ka son zuwa a sukul?", ana tsinke alayyafo ko ana tafiya masallaci, ba a tsaye ido cikin ido kamar ɗan sanda ba. Idan abin ya yi nauyi, asibiti ba na mahaukata kaɗai ba ne kamar yadda muke ɗauka. Asibitin Komfo Anokye yana da sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma ƙasar nan tana da dokar lafiyar ƙwaƙwalwa tun 2012. A 2023 majalisa ta cire yunƙurin kashe kai daga jerin laifuka, saboda an gane mai wannan hali magani yake buƙata. Matashin da ya ce ya gaji da rayuwa, kada a ce masa "ka yi istigfari" a juya baya. A zauna da shi, a kai shi a duba shi.

Waya kuwa ta shigo da baƙo har cikin ɗaki. Yarinya tana kwance kusa da uwarta, wani yana tura mata kuɗi ta MoMo yana neman hoto. Dokar tsaron intanet ta 2020 ta sa wannan cikin manyan laifuka: yaudarar yaro ta intanet, ajiye hoton tsiraicinsa, ko yi masa barazana da shi. Amma yarinyar da ta san ranar da ta faɗa za a ƙwace wayar a bi ta da duka, gara ta ci gaba da biyan mai barazanar.

Wuri mafi wuya shi ne bayan yaro ya faɗa. A nan ne rufin asiri yake zuwa da manyan riguna. Dattawa su taru, a kawo goro da ɗan kuɗi a ambulan, a ce a dubi zumunci, a dubi auren yarinyar nan gaba, a bar wa Allah. Ina girmama sulhu, shi ya riƙe zangonmu shekara da shekaru, amma ba kowane abu ake sulhuntawa ba. A dokar laifuka ta Ghana, saduwa da yaro ko yarinyar da ba ta kai shekara 16 ba laifi ne ko da an ce da yardarta, hukuncinsa ɗaurin shekara 7 zuwa 25. Ba bashi ba ne da dangi za su yafe. Wanda aka rufa wa asiri yau, unguwa kawai zai canza, ko sukul, ya samu wasu yaran. 'Yan sanda suna da sashe na musamman don wannan, DOVVSU, wanda ya faro a 1998 da sunan WAJU. Kuma asibiti ba ya jira: maganin da ke kare mutum daga kamuwa da cutar ƙanjamau bayan irin wannan ta'adi sai an fara shi cikin awa 72, shaidar da likita zai gani ma tana gushewa da wanka da kwanaki. Gaskiya ne hanyar tana da wahala, da zirga-zirga, da kuɗin cike takardar likita da ke sa talaka ya janye. Wannan wuri ne da masallatanmu da ƙungiyoyin matanmu za su iya sa hannu. Muna tara kuɗin ashobi da na jana'iza cikin kwana biyu.

Kafin DOVVSU da asibiti kuwa, akwai minti na farko, lokacin da yaro ya gama magana yana kallon fuskarka. Idan ka yi salati ka zabga masa mari, ko ka ce "me ya kai ka?", ya rufe ke nan, wataƙila har abada. Ƙanwata, Allah ya saka mata, ta danne abin da ke ranta, ta jawo 'yarta jikinta ta ce: "Na yarda da ke. Ba laifinki ba ne. Kin kyauta da kika faɗa."

Washegari ta je sukul tare da mijinta, wanda tun daren bai iya haɗa ido da 'yarsa ba saboda maganar bulalar da ya yi. Shugabar makarantar ta saurare su, aka kira iyayen yaran biyu. A taron iyaye da malamai na gaba, maganar bayan gida ta ci fiye da awa ɗaya, domin da uwa ɗaya ta buɗe baki sai ga wasu huɗu da irin labarin. An raba lokacin fitar 'yan firamare da na 'yan JHS, an sa tica mace tana zagayawa ta wajen lokacin cin abinci, wani kafinta cikin iyayen ya sa wa ƙofofin sakata bai karɓi ko pesewa ba. Yarinyar ta koma shan ruwanta da safe. Mai shinkafa da wake ta ce yanzu har ƙarin talia take nema.